Yadda Ake Tsara Mataimakin Sayayya na AI da Manhajar Tafiyar Rukuni

Mafi yawan sababbin shiga wannan harka, da zarar sun ce za su gina mataimakin sayayya mai ƙirƙirarriyar basira (AI), abin da suke fara zanawa shi ne akwatin rubutu a ƙasan allo, da 'yar tambaya a samansa: "Me kake nema yau?" Sai su jona shi da ɗaya daga cikin manyan injinan harshe, wato na'urorin AI masu karanta rubutu su mayar da amsa, su ce aiki ya kammala. Alhali mutumin da ya buɗe manhajar sau da yawa bai san sunan abin da yake so ba, bai kuma san irin tambayar da na'urar za ta iya amsawa ba. Masu manhajar tafiyar rukuni ma haka suke: su zana taswira mai kyau da jadawalin kwanaki, kamar mutum ɗaya ne zai yi tafiyar.

Ba zan tsaya kan yadda ake amfani da Figma, manhajar zana fuskar allo, ko yadda ake ɗora manhaja a intanet ba. Wanda ke karanta wannan ya wuce nan.

Mataki na farko, ka zaɓi mutum ɗaya da buƙata ɗaya. Kada ka ce "masu sayayya", ka ce uba da zai sayi kwamfuta ta farko wa ɗansa ɗalibi, bai kuma san bambancin wannan da waccan ba. Kada ka ce "matafiya", ka ce abokai shida da aljihunsu bai zo ɗaya ba. Sa mai amfani a gaba ba sabon tunani ba ne: Don Norman da Stephen Draper sun yaɗa shi tun 1986, akwai kuma ma'aunin duniya, ISO 9241-210, da ya taƙaita shi a abu huɗu: fahimtar yanayin da mutum zai yi amfani da abin, rubuta buƙatunsa, zana mafita, sannan gwada ta, a kuma sake zagayowa. AI bai soke ko ɗaya a ciki ba.

Mataki na biyu, ka kalli yadda suke yin abin yanzu, kafin manhajarka ta zo duniya. Ka daina tambayar mutane "za ka so manhaja mai yin kaza?" Kowa zai ce eh don kada ya ba ka kunya. Ka ce ya nuna maka abu na ƙarshe da ya saya ta intanet, da hanyar da ya bi. Za ka ga ya buɗe shafuka da yawa, ya tsallake yabo ya tafi kai tsaye ga ƙorafin waɗanda suka saya, daga ƙarshe ya tura wa wani hoto yana tambaya "ya ka gani?" Ta ɓangaren tafiya kuwa, ka nemi izinin wani rukuni su nuna maka hirarsu ta WhatsApp ta lokacin da suke shirin tafiyar da ta wuce. A nan za ka gano madugu, mutum ɗayan da ya nemo masauki, ya biya kuɗin kama wuri daga aljihunsa, ya kuma dinga bin mutane bashi. Za ka ga masu shiru. Za ka ga wanda farashin ya fi ƙarfinsa amma ya ce "aiki ne ya riƙe ni". Waɗannan mutum uku su ne ainihin masu amfani da manhajarka, kuma buƙatunsu suna cin karo da juna.

Mataki na uku shi ne wanda kowa ke tsallakewa, shi ne kuma ya fi duk sauran muhimmanci a wurina: kafin ka rubuta layi ɗaya na lambar kwamfuta, ka zama kai ne na'urar. Masu bincike suna amfani da wannan dabara tun farkon shekarun 1980. Mai gwaji, wato wanda ka gayyato ya gwada manhajar, yana rubutu a waya, kai ko abokin aikinka kuna wani ɗaki kuna amsawa kamar ku ne mataimakin. Ba ya cin kuɗi, in ban da ɗan abin da za ka ba waɗanda suka ba ka lokacinsu, wanda bai kamata ka hana su ba.

Sai dai a nan ake ɓata abin. Wanda ke ɓoye a ɗaki yakan manta cewa na'ura yake kwaikwayo, sai ya koma amsawa da duk wayonsa na ɗan Adam, ya gane habaici, ya cike giɓin da mai tambaya ya bari. Gwajin zai yi daɗi, amma ba ka koyi komai ba. Don haka ka ɗaure shi da dokoki a rubuce. Kada ya ambaci kayan da ba sa cikin jerin da kake da shi a zahiri. Kada ya faɗi farashi ko ranar isowa sai ya gani a takarda. Kada ya yi tambaya fiye da uku kafin ya nuna wani abu. Ni a wurina biyu ma sun isa, domin mutum ya fi iya cewa "ba wannan ba, wanda ya fi shi ƙanƙanta" a kan ya siffanta abin da bai gani ba. Kuma, da gangan, ya yi kuskure sau ɗaya a kowane zama: ya kawo takalmin maza ga mai neman na mata, misali. Abin da mai gwaji ya yi bayan kuskuren, shi ne darasin da ya fi tsada. Ya gyara maganarsa? Ya nemi madannin komawa baya bai samu ba? Ya rufe wayar? Na'urarka ta gaske za ta yi kuskure, babu makawa, kuma a wannan daƙiƙa ce ake riƙe mutum ko a rasa shi.

Ka roƙi mai gwajin ya dinga faɗin abin da ke ransa a fili yayin da yake dannawa, kai kuma ka kame bakinka. In ya rikice, kada ka cece shi. In an gama, ka gaya masa gaskiya cewa mutum ne ke amsawa.

Mutum nawa? Jakob Nielsen, masanin sauƙin amfani da manhajoji, ya rubuta a 2000 cewa mutum biyar kan fito da kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin amfani. Wannan ya yi wa mataimakin sayayya daidai. Amma manhajar tafiya ba a gwada ta da mutum ɗaiɗai. Ka kawo rukuni na gaske, mutanen da suka san juna, waɗanda kunya da jin nauyi ke tsakaninsu, kowa da wayarsa. Baƙi biyar da ka tara ba za su taɓa nuna maka yadda ake kauce wa maganar kuɗi ba.

Mataki na huɗu, sai yanzu ka zana allo, daga abin da ka gani. A mataimakin sayayya, ka maye gurbin akwatin da babu komai da 'yan misalan tambayoyi da mutum zai danna. Rufus, mataimakin sayayya da Amazon ya fitar a 2024, haka ya yi. Kaya uku sun isa a nuna, kowanne da dalilin zaɓensa a jimla ɗaya. In wani ya biya don a sa kayansa a gaba, a rubuta cewa talla ce. Jimillar kuɗi, har da na kawowa da haraji, ta fito tun da wuri: binciken cibiyar Baymard ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 na kwandunan sayayya ta intanet ana watsar da su kafin a biya, kuma ƙarin kuɗin da ke ɓullowa a ƙarshe na kan gaba a dalilai. Sharuɗɗan mayar da kaya kuwa kada ka bar na'ura ta tsara su da kanta, ta ɗauko su yadda suke a rubuce. A Fabrairun 2024 wata kotun ƙananan ƙararraki a lardin British Columbia na Kanada ta sa Air Canada biyan wani fasinja diyya saboda na'urar hirar kamfanin ta ba shi bayanin da ba daidai ba kan rangwamen tikitin masu zuwa jana'iza. Kuma ko mene ne, kada a cire kuɗi sai mutum ya gani ya danna da hannunsa.

A manhajar tafiya, doka ta farko: kowa ya shigar da iyakar abin da zai iya kashewa a asirce, manhaja ta nuna zaɓin da ya shiga aljihun kowa ba tare da ta tona wa kowa asiri ba. Ƙuri'a ita kaɗai ba ta isa ta zama dalilin gina manhaja ba, tunda Doodle, shafin zaɓen lokacin haɗuwa ta ƙuri'a, ya daɗe yana yi, WhatsApp ma ya sa tasa tun 2022. Abin da ya rage maka shi ne wa'adi: kowace ƙuri'a da lokacin rufewa, kuma manhaja ce za ta tunatar da masu shiru, ba madugu ba. Haka ma bashi. Ka duba yadda Splitwise, manhajar raba kuɗin da rukuni ya kashe, ke rage yawan tura kuɗi tsakanin mutane. Sannan kada ka tilasta wa kowa sauke manhaja ko buɗe asusu don ya jefa ƙuri'a ɗaya. Mahaɗi guda da zai buɗe a burauza ya wadatar, in ba haka ba rabin rukunin ba zai taɓa shigowa ba.

Sauran ka san su. Rubutu ya karantu, madannai su yi girman yatsa, jadawalin tafiya ya buɗe ko babu intanet, a kuma bar hanyar kaiwa ga ɗan Adam. Wajen awo, kada tsawon hira ya ruɗe ka. Kowace amsa ta AI kuɗi kake biya a kanta, doguwar hira kuma sau da yawa alama ce ta cewa mutum bai samu abin da ya zo nema ba. Ka ƙirga kayan da aka dawo da su, da rukunan da suka kai ga biyan kuɗin masauki. In lambobin ba su motsa ba bayan gyara, ka koma mataki na uku da sababbin mutum biyar.