Yadda ake gano matsalar lantarki idan mota ta ƙi tashi

Idan mota ta ƙi tashi, kunnenka ne kayan aiki na farko, tun kafin sufana. Kashe rediyo da fanka, sauke gilashi, ka murza makulli ka saurara. Ɗayan uku za ka ji: ko shiru tsit, ko ƙas-ƙas-ƙas ba tare da injin ya motsa ba, ko kuma injin ya yi ta juyawa lafiya lau amma ya ƙi kamawa. Kowanne da inda ake nemansa. Rashin bambance su ne ke sa mutum ya sayi batir yau, gobe kik (na'urar da ke juya injin ya tashi), jibi fulogi, mota kuwa tana nan inda take.

Abin da kake buƙata bai taka kara ya karya ba: ƙaramar mitar auna wuta irin wadda masu gyaran rediyo ke riƙewa, sufana mai lamba 10 wadda ita ce ke kwance kan batir a yawancin motocin Japan, samfefa, da tocila. Ka sa giya a furi, ko a P idan atomatik ce, ka ja birkin hannu. Ka cire zobe da agogon ƙarfe, domin idan suka haɗa wuta da jikin mota ƙuna ce mai muni.

Fara da batir

Kunna manyan fitilu, ka sa wani ya tsaya a gaba yana kallo yayin da kake murza makulli. Idan fitilun suka dusashe kamar za su mutu, wuta ce ta yi ƙaranci, ko dai daga batir ko daga kawunansa. Idan suka tsaya da haskensu tar amma kik bai ce uffan ba, batir na da wuta, umarnin ne bai isa wurin kik ba.

Sai ka ɗauko mita, ka juya ta zuwa 20 a ɓangaren DC. Jar waya a kan da ke da alamar +, baƙa a mai alamar −. Batir mai cikakken caji yana nuna volt 12.6. Idan ka ga 12.2, kusan rabin cajinsa ya tafi. Ƙasa da 12 kuwa ya sauka. Amma kada wannan awon ya ruɗe ka, domin batirin da ya mutu a ciki yana iya nuna 12.5 a zaune. Bar wayoyin mitar a kansa, wani ya murza makulli kana kallo. Lafiyayyen batir ba ya faɗuwa ƙasa da 9.6 lokacin da kik ke ja. In ka ga ya zube zuwa 7 ko 6, a kai shi caji a sake gwadawa, in ya maimaita to ya gama aiki.

Zafi shi ke cin batir a ƙasarmu. Ranar watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri tana ƙafar da ruwansa, tana lalata farantan ciki a hankali, sai sanyin asubar hunturu ya zo ya tona asiri. Shi ya sa mutane ke ɗora wa sanyi laifi, alhali ɓarnar tun bazara aka yi ta.

Kawunan batir da wayar at

A nan nake so ka ɓata lokaci, domin a ganina babu inda ake asarar kuɗi a banza kamar nan. Kik yana jan wuta fiye da amp 100 a lokaci guda. Kan batir da ya yi sako-sako zai iya kunna rediyo da fitilar dashbod, amma da zarar kik ya nemi tasa wutar sai komai ya ɗauke.

Kama kowane kai da hannu ka gwada murɗa shi. Bai kamata ya motsa ko kaɗan ba. Duba ko akwai farin gari ko kore-kore da ya taru a kai, har ƙarƙashin maƙalar inda ido ba ya kaiwa. Idan akwai, kwance kan − tukuna, sannan kan +. Dalili shi ne, jikin motar gaba ɗaya a haɗe yake da −, in ka fara da + sufana ta taɓa ƙarfe, tartsatsi zai tashi. Wanke garin da ruwan zafi, ka goge kan dalmar da cikin maƙalar da samfefa har su yi ƙyalli, ka mayar da + tukuna, − daga ƙarshe, ka ɗaure tamau ka shafa ɗan giris a sama. Maƙalar da ta buɗe baki a canza ta. Cusa ƙusa ko buga ta da dutse, kamar yadda ake yi a bakin titi, yana fasa kan batirin ne.

Bi baƙar wayar da hannu har inda ta ƙare. Tana ɗaure a jikin mota, akwai kuma wata mai kauri da ke zuwa jikin injin ko giyabos. Ita ce wayar at, kuma sau da yawa bayan an sauke injin ko an yi aikin kuloci ake mantawa a ɗaure ta sosai. Gwajinta ba wuya: baƙar wayar mita a kan − na batir, ja a jikin ƙarfen injin, a murza makulli. Ya kamata ka ga kusan sifili, kamar 0.2 ko 0.3. In ya haura rabin volt, wuta na maƙalewa a hanya. Kwance notin, ka kankare tsatsar, ka ɗaure.

Idan sai an ba ta wuta

Wajen haɗa waya da wata motar, tsarin shi ne: ja a + na mataccen batir, ɗaya bakin jan a + na mai rai, baƙa a − na mai rai, bakin ƙarshe kuma a jikin ƙarfen injin motar da ta ƙi tashi, nesa da batir. Batir na fitar da iskar da ke kama wuta, shi ya sa ba a son tartsatsin ƙarshe ya tashi a kansa.

In ta tashi, kada ka kama hanya tukuna. Auna batir injin na aiki. Ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.5. In yana nan a 12 da ɗoriya, altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, ba ta caji, ko fambel ɗin da ke juya ta ya saki, kuma sabon batir ma kwana kaɗan zai yi ya sauka. Don Allah kada ka yarda a cire kan batir injin na aiki wai don a gwada altaneta. Dabarar zamanin motocin kafireto ce. A motar yau wutar na iya yin tsalle ta ƙone ƙwaƙwalwar mota, wadda kanikawa ke kira biren bokis.

Idan caji lafiya, batir lafiya, amma kullum da safe sai an ba ta wuta, wani abu ne ke shan wuta cikin dare. Fara zargin abin da aka ƙara wa motar daga baya: tiraka, rediyo, amfilifaya, ko fitilar but da ba ta mutuwa.

Batir lafiya, kik ya yi shiru

A atomatik, taka birki ka mayar da giya N ka gwada. In ta tashi a nan, makunnin da ke gaya wa mota cewa giya na P ne ya gaji. Wasu motocin manuwal kuma ba sa tashi sai an take kuloci har ƙasa.

Buɗe akwatin fiyus da ke cikin bonet. A bayan murfinsa akwai zanen da ke nuna wurin kowane fiyus da rile, wato ɗan makunnin lantarki. Zaro fiyus ɗin kik ka ɗaga shi a haske, in siririn ƙarfen ciki ya tsinke, sa wani mai lamba iri ɗaya. Ban da naɗa waya ko takardar sigari a madadinsa, wannan ita ce hanyar gobara. In sabon ya sake ƙonewa nan take, akwai wayar da ta goge tana taɓa ƙarfe. Rile kuma, ɗora yatsa a kansa a murza makulli, ya kamata ka ji ya yi ƙas. Sau da yawa rilen hon irinsa ne sak, sai ka musanya su ka gani.

In duk wannan lafiya, sai kik ɗin kansa. Akwai siririyar waya da ke shiga jikinsa ban da mai kaurin. Ita ya kamata ta kawo volt 12 daidai lokacin da aka murza makulli. In wuta na zuwa kik bai juya ba, laifinsa ne: ko burushin ciki ya cinye, ko tagullar da ke haɗa wuta ta ƙone. A motocin Toyota wannan tagullar ce ta fi yawan ba da matsala, alamarta ƙas guda ɗaya mai ƙarfi, kuma ana canza ta ita kaɗai ba sai an sayi kik sukutum ba. Ɗan ƙwanƙwasa jikin kik da sufana yana iya tada motar ta kai ka gareji, iyakarsa ke nan. In kuwa wuta ba ta zuwa siririyar wayar, matsalar na baya, a makunnin makulli ko a hanyar waya.

Wani gargaɗi na damina: idan motar ta mutu ne a cikin ruwa, ka murza ka ji gum injin ya ƙi motsi, dakata nan. Mai yiwuwa ruwa ya shiga injin, kuma ci gaba da murzawa zai lanƙwasa ƙarafan ciki.

Injin na juyawa amma bai kama ba

Kada ka riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10 a jere, kik na zafi. Dubi dashbod. In wata 'yar fitila mai hoton makulli ko kwaɗo tana ta ƙyaftawa, motar ba ta gane makullin ba. Gwada ɗayan makullin. Wanda aka yanka a kasuwa ba tare da an saita shi da motar ba zai buɗe ƙofa, a motoci da yawa har ya juya injin, amma mai da wuta ba za su zo ba.

Sannan famfon mai. A yawancin motoci, in ka murza makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa, za ka ji ɗan guɗa daga wajen tanki na kamar daƙiƙa 2. Wasu Toyota ba sa yin haka sai injin na juyawa, don haka shirun kaɗai bai isa hujja ba. Duba fiyus da rilen famfon, da fiyus ɗin da aka rubuta wa EFI, kafin a ce za a sauke tanki. Masu tsofaffin Honda Accord da Civic na shekarun 1990 su san da babban rilen da ke ƙarƙashin dashbod: dalmar cikinsa na tsagewa, sai motar ta ƙi tashi in ta sha rana, ta tashi da yamma. Mai wayarin, wato mai gyaran lantarkin mota, da ya san aikinsa sake like shi kawai yake yi.

Kalli allurar da ke nuna juyin injin yayin da ake murzawa. A motoci da dama tana ɗan motsi. In ta kwanta ɗif, kuma babu wuta a fulogi, zargi ya koma kan sensar kiranshaf, wadda ke gaya wa ƙwaƙwalwar mota cewa injin na juyawa. Ita ma ta saba ɗaukewa in injin ya yi zafi, ta dawo in ya huce. Haska tocila ka bi wayarta, musamman in motar ta daɗe a ajiye, domin ɓeraye na gaigayar wayoyin bonet.

Daga nan aikin na'urar sikanin ne, wadda ake jonawa a mota ta nuna lambar matsalar. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka tun daga 1996 duk suna da soket mai ramuka 16 da ake jona ta, yawanci a ƙarƙashin sitiyari, na Turai masu fetur kuma daga 2001. Lamba irin P0335 tana nuni ga layin sensar kiranshaf, amma ba ta ce sensar ce ta mutu ba, yana iya zama soket ɗinta ne ya cika da datti ko waya ta tsinke. A auna kafin a saya.

In mai wayarin ya ce biren bokis ne, nemi ya nuna maka da mita cewa wuta na isa gare shi, at ɗinsa lafiya, fiyus ɗinsa bai ƙone ba. Ka kuma tambaye shi tun kafin a biya kuɗi ko wanda za a kawo sai an saita shi da makullinka, domin a motoci masu tsaron makulli, in ba a yi wannan ba, ko sabo ne ba zai tada motar ba.