Gasasshiyar kaza da dankalin turawa a faranti ɗaya

Uwargida, tun a kasuwa ake gyara wannan gashi ko a ɓata shi. In kin shiga kasuwar Muda Lawal ko ta Wunti a Bauchi, ki nemi kazar gidan gona, wato buroila, mai nauyin kilo 1.5 zuwa 2. Namanta na da laushi, akwai kuma kitse a ƙarƙashin fatarta da zai hana ta bushewa. Kazar Hausa ta fi ta ɗanɗano nesa ba kusa ba, amma in aka jefa ta obin ɗanya sai ta fito da tauri kamar ƙirgi. Ita sai an sulala ta da albasa da gishiri kamar minti 40, sannan a gasa minti 15 don ta yi ja kawai.

Kaza ɗaya da dankalin turawa kilo 1 za su ishi mutum biyar. Ki yanka ta gida takwas, kada ki cire fatar. Bayan wankewa ki tsane ta a kwando, ki goge kowane yanki da tsumma mai tsafta har ya bushe. Nan ne mafi yawan masu girki ke yin sakaci: kaza mai jiƙe ba ta gasuwa, turara take yi a cikin ruwanta, ta fito fari fat, fata saɓa-saɓa.

Ki daka tafarnuwa ƙwaya 5, ɗanyar citta kamar tsawon babban yatsa, da attaruhu 2. Ki zuba dunƙule 2, gishiri ƙaramin cokali 1, masoro rabin cokali, kori da tayim cokali ɗai-ɗai, man gyaɗa babban cokali 3, da ruwan lemun tsami ɗaya. Ki tsattsaga cinyoyin da wuƙa har ƙashi, ki cusa haɗin ciki da ƙarƙashin fata, domin tafarnuwar da ta zauna a sama ƙonewa take yi ta yi ɗaci. A firji a bar ta awa 2, ko ta kwana. In babu wuta, kada ta wuce awa 1 a waje, musamman a zafin bazara na Bauchi, ɗanyen nama ba ya jira.

Dankalin a fere, a yanka kowanne gida huɗu, a tafasa minti 5, a tsane, a juya shi da mai da gishiri. In ba a tafasa ba, kaza za ta nuna, shi kuwa yana ɗanye.

Ki kunna obin minti 15 kafin ki saka komai, a maki 200 na ma'aunin Selshiyas. Dankali da manyan yankan albasa a ƙasa, kaza a sama, fata na kallon sama, da ɗan tazara tsakanin yanka da yanka. In farantin ya cika, gara ki raba biyu. Obin na gas ya fi ci daga ƙasa, saboda haka farantin ya zauna a tsakiya. Kada ki riƙa buɗe ƙofa, kowace buɗewa zafi ne ke tsere.

A minti 30 ki fitar da ƙirjin, shi ne ke saurin bushewa. Cinyoyi da fukafukai su kai minti 45. Ki soki cinya kusa da ƙashi: ruwan da ya fito ya zama garau, ba ja ba. Mai ma'aunin zafi ta ga zafin cikin naman ya kai maki 75.

Wadda ba ta da obin, ta zuba yashi mai tsafta a babbar tukunya, ta ɗora a garwashi ya yi zafi sosai, ta saka farantin a kan yashin, ta rufe, ta zuba garwashi a kan murfin. Zai kai kusan awa 1.

Bayan saukewa a bar kazar minti 10 kafin a taɓa, ruwanta ya koma jikinta. Romon da ya taru a farantin a kwarara shi kan dankalin, a kai tebur da yajin ƙuli da yankakken kabeji, ko masa in bakunan da yawa.