Yadda za ku tattara tarihin mahaifiya kafin 'yan gaisuwa su watse

Maƙwabtanmu Asante, idan tsohuwa ta rasu, sukan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, suna shiri. Ranar Asabar ɗin jana'iza a raba ɗan littafi mai hotonta da tarihinta da abin da 'ya'ya da jikoki suka rubuta a kanta. Mu a zangon Kumasi, a Ghana, ba haka muke ba, kuma ba na fatan mu koma haka. Wadda ta cika da asuba, kafin la'asar an kai ta maƙabartar Tafo, an dawo an shimfiɗa tabarmi. Gaggawar nan sunna ce. Sai dai in ba a lura ba, labarin tsohuwa ma yakan bi ta cikin gaggawar. Kowa ya zo ya ce, "Allah ya jiƙanta, mutuniyar kirki ce, mai haƙuri." Gaskiya ya faɗa, amma haka ake faɗa a kowane gidan rasuwa daga Aboabo har Asawase, kuma jikan da aka haifa bayanta ba zai tsinci kakarsa a cikin wannan maganar ba.

Mahaifiyarmu, Mma, ta yi rayuwarta a unguwar Aboabo, tana sayar da koko da ƙosai, da ƙarfi ya ragu ta koma goro. Bayan rasuwarta na bi mutanenta na tattara abin da suka sani, kuma hanyar da na bi ce zan shimfiɗa muku. In taku tana raye, ku bar karatun nan ku je ku zauna kusa da ita da waya a hannu, domin babu bakin da ya kai nata.

Malamai sun saɓa a kan sadakar uku da bakwai da arba'in, ba kuma shi ne zancena ba. Ko gidanku yana yi ko ba ya yi, mutane za su zo gaisuwa daga Tamale, daga Yeji da Techiman, daga Nima ta Accra, wasu daga Lome ko Kano, kuma da wuya su sake haɗuwa a tsakar gida ɗaya. A kwana ukun farko kada ku dami kowa da tambaya. Ku dai ɗauki lambar wayar duk tsohon da ya zo, ku ji ranar da zai koma. A ɗora aikin a kan mutum ɗaya, kada ya zama babbar 'ya, don ita baƙi da tukunya sun ishe ta. Jika mace wadda ta iya gaisuwa, wadda tsofaffi ke sakin jiki da ita, ta fi kowa dacewa.

Ku fara da wanda ya fi tsufa da wanda ya fi nisan gida. Ƙawarta ta ƙuruciya, ƙannenta, matan da suka yi zaman gidan haya da ita, yaran da ta riƙa ba ita ta haife su ba, abokan kasuwarta har da matan Asante da Frafra da Mosi da suka yi maƙwabtakar teburi da ita. 'Ya'yan cikinta su zo a ƙarshe. Muna nan kusa, sannan mu uwa kawai muka sani. Ba mu san yarinyar da aka kawo amarya ba, ba mu san 'yar kasuwar da ake jin tsoron yi wa ƙwange ba.

Ku je bayan la'asar, da ɗan goro ko sukari da madara. Ku gaisa har gaisuwa ta ƙare, sannan ku nemi izinin ɗaukar murya. Ku kashe intanet ɗin wayar, ku ajiye ta kusa da bakin mai magana, a rage ƙarar rediyo. A farkon kowace ɗauka ku faɗi ranar da sunan mai maganar da dangantakarta da mamaciyar.

Wajen tambaya ne aikin yake gyaruwa ko ya lalace. Idan kuka ce, "Wace irin mace ce Hajiya?" addu'a za a yi muku, ku shafa ku tashi. Ku tambayi ƙaramin abu mai kama hannu. Wa ya koya mata sana'a? Da nawa ta fara? Wane zane ta ɗaura ranar sunan ɗanta na fari? Wa take zuwa wurinsa in ranta ya ɓaci? Me ke sa ta dariya? In tsohuwa ta yi shiru, ku ma ku yi shiru, ba ta gama ba.

Aminiyar Mma, wadda muke kira Gwaggo, na same ta tana tsince goro, tana ware mai tsutsa, tana yayyafa ruwa a kan ganyen da ke lulluɓe da sauran. Na ce, "Gwaggo, wannan ƙunshin da ke ƙarƙashin gadon Mma muna yara, wanda aka hana mu taɓawa, mene ne a ciki?" Ta ajiye goron da ke hannunta, ta dube ni, ta ce, "Au, ba ta taɓa faɗa muku ba?" Keken ɗinki ne na wata Bayarabiya 'yar Ogbomosho da suka yi gidan haya tare. Da gwamnatin Busia ta fitar da dokar 18 ga Nuwamba 1969, wadda ta ba baƙin da ba su da takardar zama kwana 14 su bar ƙasar, mutane suka riƙa karyar da kayansu da arha. Matar nan ta kasa sayar da kekenta, ta kawo wa Mma cikin dare ta ce ta riƙe mata. Mma takan fito da shi ta sa masa mai ta mayar. Da yunwar 1983 ta zo, gero ya gagari saye, har a cikin dangi aka ce ta sayar da shi ta ciyar da yaranta, tunda mai shi ba a san ko tana duniya ba. Gwaggo ta ce amsar da ta bayar ɗaya ce: "Ban ji labarin mutuwarta ba, in ma ta mutu tana da magada." Daga baya ɗan matar ya zo Kumasi yana tambayar gidan, ta miƙa masa keken yana juyawa lafiya lau. Jikan da ya ji wannan ya san abin da ake nufi in an ce kakarsa mai amana ce.

Shekaru kuma, kada ku dogara da ranar haihuwar da ke kan katin shaida ko fasfo. Yawancin iyayenmu ƙiyasi aka yi musu a ofis. Su da abubuwan da suka faru suke lissafi, don haka ku riƙe wasu a ka. Husufin rana da ya sa gari ya yi duhu da rana tsaka, 20 ga Mayu 1947 ne. Wadda ta tuna shi tana tallan goro a ka, ta kai shekara bakwai zuwa goma a lokacin. 'Yancin kai 6 ga Maris 1957. An bar fam da sule aka koma sidi a 1965, aka hamɓarar da Nkrumah a Fabrairun 1966. Sarkin Asante Prempeh na biyu ya rasu a 1970, Opoku Ware na biyu a 1999. A 1979 ne sojoji suka matsa wa matan kasuwa a kan farashin da gwamnati ta ƙayyade. A 1983 fari da gobarar daji suka haɗu da dawowar 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya da Najeriya ta kora. Sai ku tambaya, "Lokacin da Busia ya kori baƙi, wa take goyo?" Amsa biyu uku irin wannan za su jera muku rayuwarta. Katin awon jarirai, in an same shi, ya fi kowace takarda faɗin gaskiya a kan haihuwar 'ya'ya, hatimin fasfo kuma ya ba ku shekarar Hajjinta. Ku kula da kuɗi: a 2007 aka mayar da tsohon sidi 10,000 ya zama sidi ɗaya, amma tsofaffi da yawa ba su bar tsohon lissafi ba. In Gwaggo ta ce miliyan ɗaya, ku tambaya, mai yiwuwa sidi 100 take nufi.

Akwatinta da kabad ɗin kwanukanta gado ne, ba na wanda ya riga buɗewa ba. A biya bashi, a zartar da wasiyya in akwai, wadda ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku ba, sannan a raba. Abin da za ku yi kafin rabo shi ne a buɗe gaban shaidu, ku ɗauki hoton komai da hasken rana, wata tsohuwa tana zaune tana faɗa muku tarihin kowane abu. Zanen yayi kowanne da bikin da aka yi shi, kuma ta nan za ku gane gidajen da take zumunci da su waɗanda ku ba ku sani ba. Katin adashi zai nuna muku wa take bi, wa ke bin ta. Takardun ajami ku kai wa malamin da ya iya karanta su kafin wani ya ɗauka laya ce ya ƙone. Tsofaffin hotuna a rubuta sunayen mutanen ciki a baya da fensir, biro yana huda takarda.

Akwai tarihin da ba ya faɗuwa da baki, sai an yi shi. Kokon Mma babu wanda ya taɓa auna shi, hannunta ne ma'auninta. Na sa yarinyar da ta riƙa, wadda ta fi kowa daɗewa a gindin murhunta, ta dama a gabana, ina tsayar da ita a kowane mataki. Kafin ta zuba citta da kanumfari da masoro da barkono a jiƙaƙƙen gero a kai niƙa, sai na ce ta juye su a gwangwanin madara mu ga inda suka tsaya. Na ga yadda take tacewa, ta bar shi ya kwana ya kwanta, ta tsiyaye ruwan tsamin da ke sama ta tafasa shi, sannan ta sheƙa a kan ƙullun tana juyawa da sauri. A nan ne ta ce Mma ba ta taɓa sayar da ludayin farko ba, yana shiga kofin duk yaron da ya tsaya nesa da teburi ba kuɗi a hannunsa. Ba don mun hura wuta ba, da ba ta tuna ba. Ku yi haka da tuwon zafi da miyar ayoyo, ko wake da shinkafa mai karan dafi, ko duk abin da aka san taku da shi.

Za ku ji abin da ba na rubutawa ba ne. Rikicin kishiyoyi, auren da ya mutu, sirrin wani da ke raye. An hana mu zagin matattu, an kuma hore mu da rufa wa juna asiri, don haka irin wannan ku goge shi daga wayar ma. Amma kada ku wanke ta har ta rasa kamanni. Mma tana da faɗa. Wanda ya makara sallar asuba ba ya shan kokonta cikin kwanciyar hankali, kuma jikokinta sun fi son a ba su wannan labarin fiye da kowanne. In mutum biyu suka saɓa a kan abu ɗaya, ku rubuta duka biyun da sunan wanda ya faɗa.

Wajen rubutawa, ku bar maganar tsofaffi yadda ta fito, da Hausarmu ta zango da Twi, harshen Asante, da ke ratsa ta. Kada ku mayar da ita Hausar rediyo. Shafi goma sun isa. Ku sa wani ya fassara wa jikokin da ke Bronx ko Hamburg, amma ku tura musu muryoyin ma. Kafin a buga, a karanta wa ƙannenta da babban ɗa su yarda. Masu buga takardu a Asafo za su yi muku kwafi kaɗan ba da tsada ba. Muryoyi da hotuna kada su zauna a WhatsApp kaɗai, waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta. A sa su a katin ajiya biyu a gida biyu, a kuma ɗora a Google Drive. Hoton da ta ɗauka ba mayafi, ko na kwanciyar asibiti, ba na Facebook ba ne.

Jerin sunayen da kuka tara yana da wani amfani. Ya zo a hadisi cewa cikin biyayyar da ke saura bayan mutuwar iyaye akwai yi musu addu'a, da cika alkawarinsu, da sada zumuncinsu, da girmama abokansu. Mu mun raba ƙawayen Mma a tsakaninmu, kowa da tsohuwar da yake leƙawa, da azumi a kai mata gero da sukari, da layya a kai nama. Sa'adu ɗan Ubada, da mahaifiyarsa ta rasu, ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wace sadaka ce ta fi, aka ce masa ruwa, ya haƙa rijiya. In ƙarfinku bai kai rijiyar burtsatse ba, tankin ruwa a masallacin unguwa ko makarantar da ta fi kusa da gida yana yiwuwa. Kuɗin wannan a ware shi a lambar momo, wato asusun kuɗi na waya, ta daban, kada ya haɗu da na cefanen gida. Mutum biyu su riƙa kula da shi, kuma kowane ƙarshen wata a rubuta a zauren WhatsApp na dangi abin da ya shigo da abin da aka kashe, har kuɗin mai gyaran famfo.