Yadda ake haɗa shafukan PowerPoint da gabatar da su daga allon madannai

Na taɓa zama a zauren da ɗalibai ke kare aikinsu na kammala digiri a wata jami'a, inda wani ɗalibi ya kai shafi na 31 na bayaninsa, sai malamin da aka gayyato daga waje ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, koma mana kan jadawalin nan na babi na huɗu." Ɗalibin ya shiga danna kibiyar hagu, kuma da yake ya sa kowane layi ya riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, sai layukan suka riƙa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya su ma. Da abin ya yi tsawo ya danna Esc, majigi ya haska wa kowa fuskar manhajar da ƙananan hotunan shafukan, shi kuma yana laluben linzamin kwamfuta (mouse) gumi na keto masa. Jadawalin yana shafi na 14. Da ya rubuta 1 da 4 ya danna Enter, da ya isa wurin kafin malamin ya sauke hannunsa.

Kafin a shiga haddar maɓallai, akwai abu guda da ya kamata a fahimta, domin shi ne ke rikita yawancin masu koyo. PowerPoint yana da yanayi biyu, wato yanayin gini, inda ake rubutu da jera hotuna, da yanayin nuni, inda shafi ke cika allo gaban jama'a. Maɓalli ɗaya yakan yi aiki iri biyu gwargwadon yanayin da ake ciki. Ctrl+P a lokacin gini yana buɗe wurin buga takarda ne, amma a lokacin nuni alƙalami yake fito da shi. Ctrl+E yana kai rubutu tsakiya a farkon, a na biyun kuma ya zama magogi. Haka Ctrl+S, da Ctrl+M, da Ctrl+L, kowanne yana da fuska biyu. Saboda haka ya fi kyau a koye su kashi biyu, kada a haɗa su a jeri ɗaya. Abin da ke tafe ya shafi PowerPoint na Windows, wanda shi ne aka fi samu a ofisoshi da makarantu, sannan daga baya a taɓo inda sauran manhajoji suka saɓa.

A wajen gini, Ctrl+N yana buɗe sabon aiki, Ctrl+M kuma yana ƙara sabon shafi bayan wanda ake kai. Amma maɓallin da ya fi rage wahala, wanda kuma mutane ƙalilan suka sani, shi ne Ctrl+Enter. Idan an gama rubuta kan magana a akwatin sama, danna shi yana sauko da mutum cikin akwatin bayani na ƙasa, idan kuma babu sauran akwati a shafin, sai ya buɗe sabon shafi da kansa. Da wannan kaɗai ana iya zuba rubutun shafi ashirin a zama ɗaya hannu bai bar allon madannai ba. Shawarata ita ce a fara da zuba rubutu haka tsirara, a bar maganar launi da hotuna sai an gama, domin wanda ya tsaya ƙawata shafi na farko yakan wayi gari dare ya yi bai kai na biyar ba.

A cikin akwatin bayani, danna Tab a farkon layi yana tura layin ciki ya zama reshen na samansa, Shift+Tab kuma yana dawo da shi. Idan an ga cewa batu na huɗu ya fi dacewa ya zama na biyu, babu buƙatar a yanke a liƙa: a ajiye alamar rubutu a kan layin, a riƙe Alt da Shift, a danna kibiyar sama har ya kai inda ake so. Ctrl+B da Ctrl+I da Ctrl+U suna kaurara rubutu, da karkata shi, da ja masa layi, kamar dai a Word. Ctrl+L da Ctrl+E da Ctrl+R suna jingina shi hagu ko tsakiya ko dama. Riƙe Ctrl da Shift tare da alamar > yana ƙara girman harafi, alamar < kuma tana rage shi, yayin da Shift+F3 ke juya rubutu tsakanin manyan baƙaƙe da ƙanana ba tare da an sake rubuta shi ba.

Mai rubuta shafukansa da Hausa yana da ƙarin buƙata, wato haruffan ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda babu su a allon Ingilishi. Windows yana da tsarin madannai na Hausa da ake ƙarawa daga wurin saita harshe, kuma da zarar an ƙara shi, maɓallin Windows tare da dogon maɓallin tazara yana sauya mutum daga wannan tsari zuwa wancan. Sai dai a duba salon harafin da aka zaɓa, domin wasu salon ba su ɗauke da waɗannan haruffa, sai manhajar ta aro su daga wani salo dabam, kalmar ta fito da harafi ɗaya ya bambanta da 'yan uwansa, abin da majigi ke ƙara fito da shi fili.

Wurin da maɓallai suka fi nuna amfaninsu shi ne jera siffofi da hotuna. Riƙe Shift yayin zana siffa yana ba da da'ira cikakkiya ko murabba'i mai gefe daidai, riƙe shi yayin jan abu kuma yana hana abin kaucewa daga miƙaƙƙen layi. Riƙe Ctrl yayin ja yana barin na asali a wurinsa ya tafi da kwafinsa. Ctrl+D ma kwafi yake yi, amma yana da wata dabara da ta cancanci a tsaya a kanta. A ce ana son akwatuna biyar a jere masu tazara ɗaya, kamar matakan wani aiki. A zana na farko, a danna Ctrl+D, a ja kwafin zuwa daidai inda ake son na biyu ya zauna, sannan ba tare da an taɓa wani abu ba a sake danna Ctrl+D sau uku. Manhajar tana riƙe da nisan da aka ja na biyun, don haka sauran ukun za su jeru da wannan tazarar. Idan abu ya kauce kaɗan, kibiyoyi suna matsar da shi, riƙe Ctrl tare da kibiya kuma yana matsar da shi taku ƙarami ƙwarai. Da an gamsu da jerin, a zaɓe su duka a danna Ctrl+G su zama abu ɗaya da za a iya ɗauka gaba ɗaya, Ctrl+Shift+G kuma ya warware su. F4 yana maimaita aikin da aka yi na ƙarshe, ta yadda idan an sauya launin akwati ɗaya, sai a zaɓi na gaba a danna F4 kawai.

Sauya jerin shafuka ma ba ya buƙatar linzami. A danna ƙaramin hoton shafin a gefen hagu, Ctrl da kibiyar sama ko ta ƙasa su matsar da shi mataki ɗaya, idan an haɗa da Shift kuma ya tafi can farko ko can ƙarshe. Duk wani umurni da ba shi da gajeriyar hanya tasa, ana samunsa ta danna Alt shi kaɗai, inda haruffa za su bayyana a kan kowane sashe na saman manhajar, sai a bi su ɗaya bayan ɗaya. Ctrl+S kuwa, wanda ke adana aiki, ya kamata ya zama ɗabi'ar yatsa bayan kowane shafi, musamman ga mai aiki da kwamfutar tebur a inda wuta ke ɗaukewa ba sallama.

Yanzu sai ranar gabatarwa. F5 yana fara nuni daga shafin farko, Shift+F5 daga shafin da ake kai, kuma wannan na biyun ne ake buƙata idan wani abu ya katse bayani a tsakiya, domin babu abin da ke gajiyar da masu sauraro kamar a mai da su farko a sake ratso shafukan da suka riga suka gani. A kan kwamfutar tafi-da-gidanka da yawa, layin maɓallan F an ba shi aikin sauti da hasken allo, don haka sai an riƙe Fn kafin F5 ya yi aikinsa. Wannan abu ne da ake gwadawa tun a gida, ko kuma tun kafin jama'a su shigo idan da kwamfutar masu taro za a yi aiki.

Idan an jona majigi bai nuna komai ba, maɓallin Windows da P yana fito da zaɓi huɗu. Duplicate yana nuna abu ɗaya a allon kwamfuta da bango, Extend kuma yana mai da bangon allo na biyu, wanda shi ne ke ba mai magana damar ganin bayanan da ya rubuta wa kansa, da shafi mai zuwa, da agogon da ke ƙirga lokacinsa, alhali jama'a shafin kawai suke gani. Alt+F5 yana buɗe wannan fuska ta mai gabatarwa ko da babu majigi, abin da ya sa ya dace da gwaji a ɗaki.

Ci gaba yana da maɓallai da yawa: tazara, Enter, N, Page Down, kibiyar dama ko ta ƙasa. Komawa baya kuma akwai P, Backspace, Page Up, kibiyar hagu ko ta sama. 'Yar na'urar nan da masu jawabi ke riƙewa a hannu suna danna ta daga nesa, a mafi yawan lokuta Page Down da Page Up take aika wa kwamfuta, don haka idan batirinta ya mutu babu abin da aka rasa sai yawo a dandamali. Home yana kai mutum shafin farko, End na ƙarshe.

Lambar shafi da Enter, wadda ɗalibin can ya rasa, tana aiki ne kawai idan an san lambar. Saboda haka a rubuta a 'yar takarda lambobin shafukan da ake zaton za a yi tambaya a kansu, kamar jadawalin sakamako da taswira da kasafin kuɗi, a ajiye ta kusa da kwamfuta. Wannan hanya tana kai mutum har shafin da aka ɓoye, don haka mai hangen nesa yakan tanadi shafukan ƙarin bayani a ƙarshe, ya ɓoye su, ba za su fito ba sai an yi tambayar da ta kira su. Idan lambar ta ɓace, G yana baje ƙananan hotunan dukkan shafuka a zaɓa, Ctrl+S kuma yana kawo jerin sunayensu.

Maɓallin da na fi ba muhimmanci shi ne B. Danna shi yana mai da allo baƙi ƙirin, sake danna shi ya dawo da shafin. Muddin akwai rubutu a bango, idon mutane yana can, ko da mai magana ya bar batun tuni. Idan aka yi tambayar da ba ta da alaƙa da shafin, ko aka tsaya addu'a, ko babban baƙo ya iso ana gaisawa, B yana dawo da hankalin zauren kan mutane. W yana yin haka da farin allo, wanda ya fi dacewa a ɗakin da aka kashe fitilu, inda baƙin allo zai bar jama'a cikin duhu.

Domin nuna wani wuri a shafi, Ctrl+L yana mai da kibiyar linzami jan ɗigo mai haske, Ctrl+P ya ba da alƙalamin zagaye lamba ko ja wa kalma layi, Ctrl+I kuma ya ba da alƙalamin haskaka rubutu. E yana share duk zanen da ke shafin. A lura cewa muddin alƙalami na hannu, danna linzami zane yake yi, ba ya ciyar da shafi gaba, sai an danna Ctrl+A an dawo da kibiya. A ƙarshen nuni manhajar za ta tambaya ko a adana zanen ko a zubar, kuma sai dai idan ana son raba shi ga mahalarta, zubarwa ta fi. Ctrl+H yana ɓoye kibiyar gaba ɗaya. Idan akwai bidiyo a shafi, Alt+P yana kunna shi ko dakatar da shi, Alt+U kuma yana kashe sautinsa. Esc ne ke rufe nunin.

A kan Mac, wato kwamfutar kamfanin Apple, maɓallin Command ne ke tsaye a madadin Ctrl a yawancin ayyuka, amma sabon shafi Command+Shift+N ne, fara nuni daga farko Command+Shift+Return, daga shafin da ake kai kuma Command+Return. LibreOffice Impress, wanda kyauta ake samunsa, ya yi tarayya da PowerPoint a F5 da B da W da lamba tare da Enter, sai dai a cikinsa Ctrl+Shift+G haɗa siffofi yake yi, akasin warwarewar da yake yi a PowerPoint. Google Slides yana da nasa tarkon: da yake a cikin burauza yake aiki, F5 sake loda shafin intanet ɗin yake yi, abin da ba a so a gaban jama'a idan sadarwa na jan ƙafa. Ctrl+F5 ne ke fara nuni a can, S ya buɗe bayanan mai magana, L ya kunna jan ɗigo, Ctrl tare da alamar / kuma ya kawo jerin dukkan maɓallan. A PowerPoint, F1 ne ke kawo irin wannan jeri idan an danna shi a tsakiyar nuni, amma yana iya bayyana a bangon da kowa ke kallo, don haka lokacin gwaji ne ya dace a duba shi.