Babi na 6: Waken suya, awara da abincin da ke gina jikin namiji

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wannan babin na rubuta shi ne saboda abin da ya faru a ajinmu na bayan isha nan Jidda, ranar da aka aiko mana da awara daga gidan ɗaya daga cikinku, mai zafi da yaji, amma kusan rabin aji suka ƙi taɓawa, wani direba ya matso ya ce min a kunne wai Malam ai waken suya yana kashe ƙarfin namiji. Abin ya dame ni sosai. Mutum ya wuni yana tuƙi ko ɗaukar kaya a wannan zafin, cikinsa shinkafa da lemon kwalba kawai, sannan ya guji abinci mai amfani saboda wani bidiyo da aka tura masa a WhatsApp. To yau za mu koya da hannunmu. Kowa ya ɗauko biro da littafi.

Darasi na 1: Mene ne furotin

Furotin shi ne abin da ke cikin abinci wanda yake gina tsoka, yake gyara jiki idan an ji ciwo. Rubuta kalmar sau 3: furotin. A jikin kayan bakala, wato kanti, da Larabci za ka ga an rubuta بروتين, ana karanta shi burotin, ka kalle shi da kyau, harafin farko yana da ɗigo ɗaya a ƙasa, kuma daga dama ake farawa.

Akwai shi a nama, kaza, kifi, ƙwai, laban (wato nono), ful da adas (wasu irin wake ne da ake ci a nan), gyaɗa, wake da waken suya. Shinkafa da tamis, wato gurasa, suna da shi amma kaɗan. Mai, sukari da lemon kwalba babu.

Darasi na 2: Nawa jikinka yake buƙata

Nan ne aikin yake, kada kowa ya yi gaggawa. Babban mutum mai lafiya yana buƙatar giram 0.8 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Na san wannan ɗigon yana rikita ku, don haka mu bar shi, ga hanya mai sauƙi.

Ka hau sikeli, akwai a mustausaf, wato ƙaramin asibiti, da wasu kantunan magani. Rubuta nauyinka. Ka ninka shi sau 8. Sai ka goge lamba ta ƙarshe, wato ta can gefen dama.

Mai kilo 70: 70 sau 8 ya zama 560. Goge ta ƙarshe. Saura 56. Giram 56 ke nan a rana.

Mai kilo 65: 65 sau 8 ya zama 520. Goge ta ƙarshe. Saura 52.

Mai kilo 83: 83 sau 8 ya zama 664. Goge 4 ɗin. Saura 66.

Idan amsarka ta fito ɗari biyar da wani abu, ba ka goge ba, koma ka goge. Ba komai, kowa da haka ya fara. Baba da ke zama a gaba sai da ya yi sau shida kafin ta zauna masa, yanzu shi yake nuna wa na kusa da shi, Allah ya ƙara wa Baba lafiya.

Dattawan da suka haura 65 da masu aikin ƙarfi su ƙara kaɗan, kamar giram 1 zuwa 1.2 a kowane kilo. Giram 1 ɗin ma ya fi sauƙi, nauyinka shi ne amsarka.

Darasi na 3: Giram ɗin furotin ba giram ɗin abinci ba ne

Wannan shi ne inda kusan kowa yake faɗuwa, shekarun da na yi ina koyarwa ban ga ajin da bai yi tuntuɓe a nan ba. Idan na ce giram 56 na furotin, ba ina nufin ka yanko nama giram 56 ka ce ka gama ba. Nama ba duka ne furotin ba, mafi yawansa ruwa ne, sannan ga kitse. Kamar gyaɗa ce, idan ka kai mudu ɗaya wajen matsa ba mudu ɗaya na mai za a ba ka ba, man yana ciki ne, kuma bai kai yawan gyaɗar ba. Haka furotin yake cikin abinci.

Faɗa da baki: nauyin abinci daban, furotin da ke ciki daban. Sake faɗa.

Ƙwai ɗaya yana da nauyin wajen giram 50, amma furotin ɗinsa giram 6 ne kawai. Me za ka rubuta a lissafi? 6. Ba 50 ba. Kofin laban ko madara, wajen 8. Kofin dafaffen ful, wajen 13. Dafaffen adas giram 100, wajen 9. Tsokar kaza dafaffiya giram 100, 25 zuwa 30. Awara giram 100, daga 8 zuwa 15, ya danganta da yadda aka matse ruwanta. Busasshen waken suya giram 100, wajen 36, shi ya sa ya fi sauran wake.

Mu gwada da mai kilo 70. Da safe ful da tamis, rubuta 13. Ya soya ƙwai 2, wato 6 da 6, rubuta 12. Da rana shinkafar kabsa da tsokar kaza kamar tafin hannu, rubuta 25. Da dare kofin laban, rubuta 8. Tara su: 13 da 12 ya zama 25, da 25 ya zama 50, da 8 ya zama 58. Ya wuce 56, alhamdulillahi, kuma bai sayi wani garin furotin mai tsada ba.

Yanzu tambaya. Ka ci kaza giram 100, me za ka rubuta? Idan ka rubuta 100 ka koma farkon darasin. 25 za ka rubuta. Ka ci ƙwai ɗaya? 6. Nauyin abinci daban, furotin da ke ciki daban.

Jikin kwali ma haka. Ɗauko robar laban, juya bayanta, nemo بروتين, lambar da ke kusa da shi ita ce. Amma duba sama tukuna, sau da yawa lambar ta mililita (mili) 100 ce ba ta robar duka ba, idan an rubuta 3 a mili 100 kuma robar mili 200 ce, to 6 ka sha. Ku kula da lambobin Larabci kuma, ٥ ɗin nan mai kama da sifili biyar ce, sifilinsu ɗigo ne kawai, ٦ mai kama da bakwai kuma shida ce.

Haba jama'a, satin da ya wuce na ba da wannan aikin, mutum uku kacal suka zo da shi, sauran kuma wasu suka sake rubuta min 100 a gaban kaza. Ban ji daɗi ba wallahi. Kuna da lokacin zama majalisa har ƙarfe ɗaya na dare amma minti goma na lissafin lafiyarku ya gagara? Riyal ɗaya ba ya ɓace muku a lissafin albashi, na sani, don haka kada wani ya ce min kansa ba ya ja. A sake yi. Nauyin abinci daban, furotin daban.

Darasi na 4: Shin waken suya yana rage mazakuta

Ga asalin maganar. A cikin waken suya akwai wani sinadari da ake kira isofilabon, siffarsa ta ɗan yi kama da istirojin, sinadarin da ya fi yawa a jikin mata. Kama suka yi, ba abu ɗaya ba ne, kuma ƙarfinsa bai ko kusa da na jiki ba. Likitoci ba su tsaya ga zato ba, sun ba maza waken suya suka auna jininsu. A 2010 aka tattara irin waɗannan gwaje-gwajen aka duba, a 2021 aka sake tattara guda 41, duka biyun abu ɗaya suka nuna, sinadarin maza wato testosteron bai ragu ba. Na 2021 ɗin ya nuna istirojin ma bai hau a jikin mazan ba.

To labarin namijin da aka ce nono ya fito masa saboda waken suya fa? Ya faru, ba zan ɓoye muku ba. A 2008 likitoci a Amurka sun ba da rahoton wani mai shekara 60 da hakan ta same shi, amma kusan lita 3 na madarar waken suya yake sha kullum, da ya daina abin ya lafa. Lita 3 fa, kullum. Ina wannan ina awara yanka huɗu ko kofi ɗaya? Mutanen Sin da Japan ɗaruruwan shekaru suna cin awara kuma suna haihuwa.

Abin da ya kamata ku ji tsoro yana gabanku, tumbi. Kitsen jiki da kansa yana juya sinadarin maza ya koma istirojin. Ciwon suga, hawan jini, sigari da shisha suna lalata jijiyoyin jini, daga nan rauni yake zuwa wa namiji. Ɗan'uwa idan kana ganin rauni je a auna maka suga da jini, kada ka ɗora wa awara, kada kuma ka sayi maganin maza a hannun wanda ba likita ba.

Darasi na 5: Waɗanda za su yi hattara

Mai ciwon ƙoda kada ya ƙara furotin kowane iri sai likitansa ya faɗa masa adadi. Mai shan ƙwayar maƙoƙo, wadda ake sha da safe kafin karin kumallo, ya bar awa 4 tsakaninta da waken suya, don yana hana maganin shiga jiki sosai. Wanda in ya ci waken suya yake ƙaiƙayi ko kumburi ko numfashi ya yi masa wuya, ya bari gaba ɗaya ya ga likita. Kuma ba a cin waken suya ɗanye, sai ya dahu sosai.

Darasi na 6: Garin furotin na 'yan motsa jiki

Samari suna tambaya. Mai ɗaga ƙarfe zai iya kaiwa giram 1.6 a kowane kilo, abinci yana iya ba shi. Fara da ƙwai da laban da adas.

Darasi na 7: Man waken suya

Mai ne, babu furotin a ciki. Kada a sa shi a lissafi.

Aikin gida: rubuta nauyinka, ninka sau 8, goge ta ƙarshe. Rubuta abin da ka ci jiya da furotin ɗinsa, ba nauyinsa ba. A zo da robar laban ɗaya da babu komai ciki ranar Talata.