Kurakuran da ke cinye kuɗin ɗumama gida a karkara

Gidan karkara ya fi na birni shan sanyi. Yawanci shi kaɗai yake tsaye a fili, iska na dukansa ta ko'ina, ga shi sau da yawa tsohon gini ne, bututun gas kuma bai kai can ba, sai dai a sayi mai ko itace ko gas na tukunya. Shi ya sa da hunturu ya kama, aljihu ke ji a jikinsa. Amma kaso mai tsoka na wannan kuɗi, sakaci ne ke tafiya da shi.

Babban kuskure shi ne a ruga sayen sabuwar na'urar ɗumama ɗaki alhali gidan yoyon zafi yake yi. Wannan zuba ruwa ne a kwando. Zafi sama yake yi, kuma gidan da ba a shimfiɗa wa rufinsa abin tare zafi ba kan yi asarar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ɗuminsa ta can. Don haka da rufi za a fara. A leƙa saman silin da tocila. In an tarar da katako tsirara, ko tsohuwar shimfiɗar ta kwanta ta yi siriri, a ƙara mata kauri. Daga nan sai ƙofofi da tagogi. Ranar da ake iska, jiƙa bayan hannunka ka bi gefen taga, da ƙasan ƙofa, da inda famfo ya huda bango. Duk inda ka ji sanyi ya tsikare ka, ta nan kuɗinka ke fita. Robar liƙe gefen ƙofa da labule mai kauri ba su da tsada, kuma a daren farko za a ji bambanci. In an gama toshe waɗannan, sau da yawa ƙaramar na'ura ma ta wadatar.

Sai dai akwai masu wuce gona da iri, su toshe har kafofin shan iska da magini ya bari da gangan. Wannan shi ya fi tayar min da hankali, domin rai ake magana. Duk abin da ke cin wuta, ko itace ko gawayi ko gas, idan iska ta yi masa ƙaranci yakan fitar da iskar guba ta kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Ciwon kai da jiri da kasala ne alamunta, mai barci kuwa ba lallai ya farka ba. Kada a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki, kuma a sa na'urar da ke ƙara idan ta ji wannan iska.

Masu murhun itace kuma, kuskurensu ɗanyen itace ne. Wanda aka sare yanzu, kusan rabin nauyinsa ruwa ne, sai wutar ta ƙare ƙarfinta wajen ƙafar da shi, ɗaki ya cika da hayaƙi ba ɗumi. Ana son damshinsa ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Busasshe ba ya ɓuya: bakinsa ya tsattsage, ba nauyi, in ka gwara biyu ka ji ƙara garau. A jera shi a kan abin da zai raba shi da ƙasa, a rufe samansa kawai, a bar gefe iska ta ratsa. Ɗanyen itace yana kuma tara baƙin kwalta a bututun hayaƙi, wanda kan iya kama wuta, don haka a share bututun aƙalla sau ɗaya a shekara.

Murɗa abin saita zafi na na'urar ɗumama ɗaki har ƙarshe ba ya sa ɗaki saurin ɗumi, mai kawai yake ƙonawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗumin ɗaki na digiri 18 a ma'aunin Celsius ya isa ga mai lafiya, amma tsofaffi da jarirai da marasa lafiya suna bukatar fiye da haka, kada a yi tsimi a kansu. Ɗakin da ba kowa a rufe ƙofarsa a rage masa wuta, ba a kashe gaba ɗaya ba, don kada ruwa ya daskare ya fasa bututu.

Sannan sayen mai a tsakiyar hunturu, lokacin da kowa ke nema, yakan fi tsada. A cika tanki tun kafin sanyi ya shigo, kuma in maƙwabta suka haɗa kai suka yi oda ɗaya, mota ɗaya ta kawo, sukan samu ragi.