Yadda Za a Koya wa Ƙaramin Yaro Karatun Hausa a Gida

Iyaye da dama sukan yi murna idan suka ji ɗansu yana rera "e, bi, si, di" tun daga farko har ƙarshe, su ɗauka karatu ya kankama, alhali kuwa da za a rubuta masa kalmar "nama" a ce ya karanta, sai ya tsaya yana kallonta. Wannan hadda ce, kuma ba a cewa yaro ya iya karatu sai ya dubi rubutun da bai taɓa gani ba ya fitar da abin da ke cikinsa. Rahoton da Bankin Duniya da wasu hukumomi suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa kashi 89 cikin 100 na yara 'yan shekara goma a ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su gane shi. Malamin da ke riƙe da aji maƙil da yara ba zai samu sukunin zama da kowannensu shi kaɗai ba, saboda haka wani kaso na aikin ya rataya a wuyan mutanen gida.

Shawarata ita ce a fara da Hausa, ko da kuwa makarantar da yaron yake zuwa da Turanci take koyarwa. Rubutun Hausa na boko galibi yana bin furuci, sannan yaron ya riga ya san ma'anar kalmomin, ta yadda idan ya haɗa "ka" da "za" ya ji "kaza" ta fito daga bakinsa, nan take zai gane abin da ya karanta, kuma wannan ganewar ce take sa shi neman ƙari.

Matakin farko ba ya buƙatar takarda ko alƙalami, domin kunne ake fara horarwa. Tun yaro yana shekara uku ko huɗu a riƙa yi masa tatsuniya da kacici-kacici, kuma kada a bar shi da sauraro kawai. Idan an kai inda Gizo ya ƙulla wata dabara, a dakata a tambaye shi abin da yake ganin Ƙoƙi za ta yi, washegari kuma a sa shi ya ba ƙanensa labarin. A haɗa da wasan tafi, inda za a kira sunan abu a tafa sau ɗaya a kan kowace gaɓa: "ra-go" tafi biyu, "tu-kun-ya" tafi uku. Daga nan a nemi ya kawo abubuwan da sunansu ya fara kamar na Musa, ya ce murhu, muciya, mujiya. Uwa ko kakar da ba ta yi boko ba tana iya wannan mataki sarai, kuma sau da yawa ita ce ma ta fi kowa tarin tatsuniyoyi a gidan.

Idan ya kai wajen shekara biyar sai a shigo da wasula biyar, wato a, e, i, o, u, a rubuta kowanne da ƙaramin harafi a kan guntun kwali, tunda ƙananan haruffa ne suka fi yawa a littafi. A koya masa sautin harafi, a jingine sunansa na Turanci tukuna, domin sunan da Turanci ya ba "e" shi ne sautin "i" a Hausa, kuma wannan kaɗai ya isa ya rikita yaro na tsawon watanni. Bayan wasula sun zauna sai a ɗauko baƙaƙe, ba bisa jerin abacada ba. A zaɓi 'yan kaɗan masu saurin haifar da kalmomi, irin su m, n da k, a riƙa ƙara ɗaya bayan kwana biyu ko uku, yaron yana zana shi da yatsa a ƙasa yana furta shi. A raba "b" da "d" da tazara mai yawa saboda kamarsu.

Mataki na uku, wato haɗa baƙi da wasali, shi ne inda ya kamata a fi daɗewa. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san cewa bayan babbaƙu ake shiga farfaru, kuma a nan ma tsarin ke nan. A ajiye kwalin "m" a hagu, na "a" a dama, a riƙa matso su a hankali ana jan sautin har su haɗu su ba da "ma". Sai a cire wasalin a sa wani, a samu "mu", "mi", "mo", amma a riƙa hargitsa jerin, domin idan kullum "ma, me, mi, mo, mu" ake bi, yaron zai mayar da shi waƙa ya daina duban kwalin. Da baƙaƙen nan uku kaɗai ana samun nama, nono, kunu, keke, kaka da kuka. Idan ya cije a kan kalma, kada a yi hanzarin faɗa masa. Uwa ta rufe gaɓa ta biyu da babban yatsa ta ce, "Yarona, wannan me ya ce?", ta jira har ya fitar da ita, sannan ta buɗe sauran. Idan ya ga "nama" ya ce "nono", cinke ya yi daga harafin farko, sai a mayar da idonsa kan wasalin cikin natsuwa. Duk kalmar da ya karanta kuma a bi ta da 'yar tambaya, kamar inda ake sayar da abin ko wanda ya fi son sa a gidan, don a tabbatar ma'ana tana tafiya tare da furuci.

Daga nan sai baƙaƙe masu ƙugiya, waɗanda ake gane su da sauƙi idan an jera su bibbiyu: baki da baƙi, daka da ɗaka, bare da ɓare. Ina roƙon iyaye su riƙa sa ƙugiyar a duk abin da za su rubuta wa yaro, ko da sun saba barin ta a saƙon waya. Mutanen Nijar su lura cewa inda suke rubuta "ƴ", littattafan Najeriya "'y" suke sawa. Baƙaƙe masu goyo, irin su sh, ts, kw da gy, a rubuta kowanne a kwali guda a koyar da shi a matsayin sauti ɗaya, da misalai kamar shanu, tsamiya, kwano da gyaɗa. Gaɓoɓin da ke ƙarewa da baƙi, kamar na farkon "sarki" da "kanti", su zo a ƙarshe.

Kada a daɗe a kan kalmomi tsiraru. Rubutunmu ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, don haka jimla ce kawai take bambance garin da ake shiga da garin da ake tankaɗewa. Hanya mafi sauƙi ita ce yaro ya faɗi abin da ya gani yau, misali "Akuya ta shiga ɗakin Kaka", a rubuta a gabansa, ya karanta, ya zana hoto a ƙasa. Idan shafukan sun taru a ɗinke su da zare, ya zama littafinsa. Uba ya riƙa rubuta ɗan saƙo kamar "Kawo mini buta" ya miƙa ba tare da magana ba, domin yaron ya ga cewa rubutu yana biyan buƙata. Shafin intanet na African Storybook yana da labaran yara na Hausa kyauta, kuma ko bayan yaro ya fara karatu da kansa, a ci gaba da karanta masa labaran da suka fi ƙarfinsa, ana bin layi da yatsa.

Minti goma zuwa goma sha biyar a kullum sun fi awa biyu a ranar hutu amfani, kuma a tashi tun yaron bai gaji ba. Bulala da tsawa ba su da gurbi a wannan zama, domin yaron da ke tsoron kuskure zai koma cinke ko ya yi gum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kallon waya ko talabijin kada ya wuce awa ɗaya a rana ga 'yan shekara biyu zuwa huɗu, ta kuma ƙarfafa a karanta musu littafi ko a ba su labari.

Juya "b" da "d" abu ne da aka saba gani har wajen shekara bakwai, amma idan yaro yana kai takarda dab da ido, ko yana ƙanƙance ido, ko kunnensa yana fitar da ruwa, a kai shi asibiti a duba kafin a zarge shi da rashin ƙoƙari. Lokacin da ya iya karanta gajeren labarin Hausa ba tare da gargada ba, ya kuma maimaita shi da bakinsa, sai a shigo da karatun Turanci, a nuna masa p, q, v da x waɗanda babu su a abacadan Hausa, a kuma gaya masa tun farko cewa "c" da wasula suna sauya sauti a can.